Bayan "Da Sauƙi"

A ƙasar Damagaram, kamar sauran ƙasar Hausa, maras lafiya ba ya amsa gaisuwa da kuka. Ko ciwo ya kai inda ya kai, in aka ce "Yaya jiki?" sai ya ce "Da sauƙi." Tarbiyya ce ta haƙuri da kyautata zato ga Ubangiji, ba kuwa abin rainawa ba ce. To amma ma'aikaciyar jinyar da ke kula da mai cutar sankara, wanda ake ɗura wa magungunan kashe ƙwayoyin cutar ta jijiya, ba ta da damar ta karɓi wannan amsa ta wuce.

Dalili yana cikin yadda maganin ke aiki. Yana faɗa wa duk ƙwayar jiki mai saurin hayayyafa, ta cuta da ta lafiya, shi ya sa gashi ke zuba, baki ya yi gyambo, ɓargo kuma ya rage samar da fararen ƙwayoyin jini masu kare jiki. Raguwar takan kai maƙura tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan ɗurin, wato lokacin da maras lafiya ya riga ya koma gida, yana jiran zagaye na gaba, wanda sau da yawa sai bayan mako 3. A waɗannan kwanaki, zafin jiki da ya kai digiri 38 lamari ne na gaggawa, ana so a sa maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin sa'a guda da isowa asibiti.

A ɗauka wata dattijuwa ce daga Tanut ko Gure. An yi mata aiki a babban asibitin Zinder, ko kuma ta yi tafiyar kilomita kusan 900 zuwa cibiyar yaƙi da sankara ta Yamai, inda aka fara gashi da haske a shekarar 2021. Ƴaƴanta sun ja ma'aikaciyar jinya gefe, sun ce: "Don Allah, likita, kada ki gaya mata sunan ciwon." Ba mugunta ta sa su ba. Suna tsoron kalmar ta karya mata zuciya kafin cutar ta karya jikinta, kuma sun fi kowa sanin mahaifiyarsu.

Sai dai wadda ba ta san abin da aka ɗura mata ba, in zazzaɓi ya kama ta a kwana na goma, me za ta ɗauka? Masassara, mana, musamman da damina. Za ta sha farasitamol, zafin ya kwanta, ta ce da sauƙi, alhali cuta na yaɗuwa a jinin da ba shi da masu gadi. Rufin da aka yi don tausayi shi ne zai cinye sa'o'in da ake buƙata.

Saboda haka dole a rarrabe gaskiya iri biyu. Sunan cuta da makomarta, mutum yana da haƙƙin ya ji, yana kuma da haƙƙin ya ce a bar wa babban ɗansa. Amma alamomin haɗari ba na dangi ba ne balle su hana, domin jikinta ne zai fara jin su, da dare, ba kowa kusa. Makarantar koyon aikin lafiya ta Zinder za ta iya koyar da awon zafi da lissafin magani. Gane wadda take son sani da wadda ke roƙon a ƙyale ta, wannan sai a bakin gado ake koyonsa, ta hanyar tambaya irin "Inna, me aka gaya miki game da ciwon nan?" sannan a yi shiru, a bar ta ta zaɓi inda za ta tsaya.

Alkawarin da aka yi wa ƴaƴan ma ba mai daɗewa ba ne. A mako na biyu ko na uku dattijuwar za ta cire kallabi ta ga gashi a hannunta, ta dawo zagaye na biyu da tambayarta, kuma ma'aikaciyar jinyar da ke neman jijiya a hannunta za ta fara yi wa ita.