Gidan da Aka Ɗaure Maigida

Idan kotu ta tura mutum gidan yarin Kurmawa ko na Goron Dutse, shi kaɗai ta tura, amma mu muke ƙarasa ɗaure sauran mutanen gidan. Matar mamaci ana cika mata gida da ta'aziyya, a kira 'ya'yanta marayu, a tuna da su ranar Sallah. Matar ɗaurarre kuwa ba mai leƙa ta. Ita ke sayar da kayan ɗakinta ta biya lauya, ta zuba tuwo a kula ta hau adaidaita sahu, ta je ta bi layi a ƙofar gidan yari, ta dawo ta tarar an koro ɗanta daga makaranta saboda kuɗin jarrabawa, yaran unguwa kuma suna bin sa da "ɗan ɓarawo". Wane laifi yaron nan ya yi?

Wasu za su ce ai uban ne ya jawo musu. To, a Najeriya kusan biyu bisa uku na mutanen da ke tsare jiran shari'a suke yi, ba a tabbatar musu da laifi ba. Wani, sharaɗin belin da aka gindaya masa ne ya fi ƙarfinsa. A shekarar 2023 gwamnatin tarayya ta saki fursunoni sama da 4,000 waɗanda galibi tara ce ta gagare su biya, wato talauci ya riƙe su. Ko wanda laifinsa ya tabbata, addini bai yarda a ɗora wa wani nauyin laifin wani ba, kuma Suratul Insan ta yabi masu ciyar da miskini da maraya da wanda ke tsare. Masu cewa wanda aka zalunta ya fi cancantar tausayi sun faɗi gaskiya, a biya shi haƙƙinsa cikakke, sai dai yunwar yaron ɗaurarre ba ta mayar masa da ko kwabo. Abin da take haifarwa shi ne yarinya a bakin tasha da farantin talla, da saurayi mai jin haushin unguwarsu.

A shekarar 2019 doka ta mayar da gidajen yari gidajen gyaran hali. Gyaran ba zai yi ƙarko ba in mutum ya fito ya iske aurensa ya mutu, 'ya'ya sun watse. Saboda haka liman da mai unguwa su san waɗannan gidaje, a sa su cikin rabon zakka ba tare da tallata su ba, 'yan'uwan miji su ɗauki ciyarwa da kuɗin makaranta, lauyoyinmu kuma su bibiyi shari'un da suka kwanta.