Alƙur'anin Kaka Da Ruwa Ya Taɓa



'Yan'uwa, bayan ambaliyar 2020 da ta 2022 da suka ratsa ƙasar Haɗeja, daga Auyo da Kirikasamma har nan Malam Madori, mutane sun sake ta da katanga, sun koma fadama sun shuka shinkafa. Amma a gidaje da yawa akwai adakar da har yau ba a buɗe ba. A cikinta akwai Alƙur'anin hannu na kaka cikin gafakarsa, da allonsa, da carbi, wani gidan har da takobi ko alkyabba. Ruwa ya taɓa su, sai aka tura su ƙarƙashin gado, gara tana ƙarasa aikin.

Wani zai ce, Malam, ai tarkacen duniya ne. To saurara. Imamul Bukhari ya ruwaito cewa ƙoƙon shan Manzon Allah (SAW) na itace ya kasance a hannun Anas bin Malik (RA). Ƙoƙon ya tsage, aka ɗaure tsagar da azurfa. Akwai kuma zoben ƙarfe a jikinsa, Anas ya so ya musanya shi da na zinari ko azurfa, sai Abu Ɗalha, mijin mahaifiyarsa, ya hana shi taɓa abin da Annabi ya bari. Ya kuwa bar shi. Kun ga fiƙihun gyara ke nan: inda ya tsage a ɗinke, abin da mai shi ya bari kada a yi masa kwalliyar da bai nema ba. Sai dai a kiyaye, takobin kaka ba ya tsare gida, Allah ne Mai tsarewa. Muna adana shi don sada zumunci da wanda ya rigu, ba don tsari ba.

Yanzu ga Mus'hafin. Tawadarmu ta gida da gawayi da ƙaro ake haɗa ta, ruwa na taɓa ta take narkewa, don haka kada a goge shafi da jiƙaƙƙen tsumma. Kada a shanya shi a rana, takardar za ta ƙeƙashe ta kakkarye. A inuwa ake baza shi, inda iska ke wucewa, a sa busasshiyar farar takarda tsakanin warƙa da warƙa. Don Allah a daina liƙa masa salatif! Bayan 'yan shekaru gam ɗin zai ci rubutun, ya bar jan tabo. Warƙoƙin da suka manne da juna kuma kada a ɓamɓare su da ƙarfi.

In sun hargitse, kada hankali ya tashi. Marubutanmu ba sa ɗinke Alƙur'ani, amma a ƙasan shafi sukan rubuta kalmar da za ta buɗe shafi na gaba. Alaramma mai haddar Warshu zai jera muku shi daga Fatiha zuwa Nasi. Warƙar da ta ɓace a sa ya rubuta sabuwa a wata takarda daban, a san cewa ƙari ce. Gafaka a kai wa baduku. Ku duba shafin ƙarshe da kyau, sau da yawa nan mai rubutun yake sa sunansa da na mahaifinsa, yana roƙon mai karatu addu'a. Shekara nawa roƙon nan yana kulle a adaka ba wanda ya amsa?

Sauran magana mai ɗaci. Kayan nan gado ne. Ba na babban wa ba ne don shi ke zaune a gidan, mata suna da haƙƙinsu a ciki, marayun ƙaninka ma haka. Wanda ya ɗauka a ɓoye ya sayar wa dillalin tsofaffin kaya, dukiyar magada ya ci. In ba ya rabuwa, a yi masa ƙima a fitar wa kowa rabonsa, ko magada baligai su yarda a mai da shi waƙafin zuri'a, a rubuta da shaidu wa zai riƙe. Rabon yaro ƙarami kuwa ba a kyauta da shi.

Kafin damina ta kama, a ɗauki hoton kowane shafi da waya a tura wa 'yan'uwa na Kano da Nguru, a ɗora adakar a kan abu mai tudu. A kuma zaunar da gwaggo ko inna da ta san mai Alƙur'anin, ta faɗi a ina ya yi karatu, wane ne malaminsa, a rubuta a sa cikin gafakar.

Allah Ya jiƙan magabatanmu.