Daga Ina Hannunmu Ya Fara?

Giya haramun ce a addininmu, kuma ba mu zo yabon ta ba. Abin da ya ja hankalinmu shi ne wata gardama da ta daɗe tsakanin masu haɗa ta a gida a Amurka da Ingila, domin tambayar da ke cikinta ta shafe mu: wane ne ya cancanci ya ce “ni na yi”?

Ingila ta ɗage buƙatar lasisi ga mai haɗa giyar gida a 1963, Amurka kuma ta halatta hakan a matakin tarayya a 1978, da sa hannun Shugaba Jimmy Carter. Masu wannan sha'awa sun kasu biyu. Kashi na farko suna farawa daga hatsi: su ɓarza sha'ir da aka tsirar aka busar, su jiƙa shi a ruwa mai zafin digiri 65 ko kusa da haka, na kimanin awa ɗaya, har sinadaran da ke cikin tsiron su mai da sitaci sukari. Su tace, su tafasa, su huce, su zuba yis. Aikin kan cinye awa biyar zuwa shida. Kashi na biyu suna sayen wannan ruwan zaƙin ne daga masana'anta, an ƙafar da shi ya yi kauri kamar zuma ko ya zama gari. Su narkar, su tafasa, cikin awa biyu ko uku an gama. Na farkon kan raina na biyun, su ce ba su yi komai ba sai buɗe gwangwani.

To, amma mai hatsin ma, shi ya noma sha'irin? Ba shi ya tsirar ba, wata masana'antar ce. Yis ɗinsa daga ɗakin gwaje-gwaje ya fito. Shi ma a tsakiya ya tarar da aikin, sai dai tsakiyarsa ta fi ta ɗan'uwansa kusa da gona.

Mun san wannan gardama a gidajenmu. Uwar da ta jiƙa gero, ta kai markaɗe da citta da kanumfari, ta dama, ta bari ya kwana, tana kallon mai sayen garin kunu na leda da wani ido. Ita ma fa injin unguwa ne ya markaɗa mata, alhali kakarta a dutsen niƙa ta yi.

Ke nan wahala ba ita ce mizani ba. Da ita ce, da wanda ya fi zufa shi ya fi gaskiya. Abin da mai hatsi ya mallaka, wanda mai gwangwani ya sallama, shi ne iko da sanin sababi. In ya rage zafin ruwan, abin ya fito da sauƙin jiki. In ya ƙara, ya fi kauri da zaƙi. Idan aiki ya ɓaci, ya san inda zai duba. Mai gwangwani kuwa wani ne ya yanke masa wannan shawarar tun kafin ya buɗe murfi.

Mu masu rubuta manhajar kwamfuta kusan duk 'yan gwangwani ne: a kan aikin wasu muke ɗora namu. A watan Maris na 2016, wani ya janye ƙaramin aikinsa mai layi 11, mai suna left-pad, daga rumbun npm, sai dubban ayyuka suka ƙi haɗuwa. Da yawa ran nan suka fara jin sunan abin da suka daɗe suna dogaro da shi. Dogaron ba laifi ba ne. Rashin sanin a kan wa aka jingina, shi ne sakacin.

Saboda haka muna ganin laifin iri biyu ne. Mai gajeriyar hanya yana kuskure idan ya karɓi yabo a kan abin da ya saya, ya yi shiru. Mai doguwar hanya yana kuskure idan ya mai da wahalarsa sandar dukan wasu, ya manta da manomi da mai injin da suka riga shi. Dukansu sun ɓoye abu guda, wato wurin da hannunsu ya fara.

Idan baƙo ya yaba kunun da muka ba shi, babu abin da zai ragu a jikinmu in mun ce gari muka saya, damawa da yaji ne namu. Idan kuma cikinsa ya ɓaci, ba za mu tura shi wurin mai leda ba, tunda mu muka zaɓa, mu muka miƙa masa kofin.