Ɗana, Kada Ka Raina Ƙaramar Jita

Ɗana, kai da kake Ƙaraye ko Rogo, ka tara kuɗin saran rake da na ƙwadagon damina, zuciyarka ta kwanta a kan koyon kiɗan jita, zauna in ba ka shawara kafin ka hau motar Kano. Na san abubuwa biyu da ke cin ranka. Na farko, wai ka makara, tunda gashin baki ya fito. Na biyu, idan ka sayi ƙarama, abokai a majalisa za su ce ka ɗauko abin wasan yara. Duka biyun ba hujja ba ne.

Gemu ba ya hana ilimi. Ali Farka Toure na ƙasar Mali, wanda aka haifa a 1939, da ƙaramin abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya ya taso. Sai a 1956, da ya ga Fodeba Keita na Gini yana kaɗa jita, sannan ya ƙudurta koyonta, yana saurayi. Daga baya faifansa na 1994 ya ci kyautar Grammy a Amurka. Mdou Moctar na Nijar kuwa, jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke.

Batun ƙanƙanta kuma, Bahaushe ne zai fi kowa sanin amsarsa. Kuntigin Ɗan Maraya Jos gwangwanin kifi ne da aka rufe da fata aka ɗaura masa tsirkiya ɗaya. Da shi ya yi waƙar Karen Mota, da shi ya ƙetare teku, kuma har ya rasu a 2015 bai sake shi ba. Haruna Uji na Haɗeja da gurmi ya yi suna. Ko a Ingila, Ed Sheeran da ƙaramar jita ya cika filayen wasa. Hannu da kunne su ne kiɗa.

To, me ya sa nake nuna maka ƙaramar? A babbar jita, tsawon tsirkiyar da ake kaɗawa ya kai kusan santimita 65. A wadda ake kira uku bisa huɗu, kusan 58 ne. Wannan ɗan bambanci yana sa ƙarafan da ke jere a wuyanta su matso kusa da juna, yatsu su daina miƙewa har su yi tsami. Tsirkiyar ma ba ta ɗaurewa da tauri sosai, don haka dannawa ta fi sauƙi. Jikinta ba ya danne maka kafaɗa, kana iya rataya ta a baya ka hau babur. Da yawa daga masu barin jita tun da wuri suke barinta, saboda zafin yatsu da gajiyar hannu. Duk abin da zai rage maka wannan wahala, riba ce.

Amma ba zan ɓoye maka aibinta ba. Muryarta ba ta kai ta babbar kauri ba, takan saki ɗauri da wuri, kuma idan yatsunka masu kauri ne irin na wanda ya saba da fartanya, za su iya cunkushewa a wuyanta. Saboda haka kada ka aika a sayo maka. Je ka da ƙafarka shagunan kayan kiɗa na Sabon Gari, ka zauna, ka ɗora ta a cinya, ka gwada babba da ƙarama. Ka tafi da wanda ya iya, ko da za ka biya masa kuɗin mota.

Ka bambance ƙaramar jita ta gaske da abin wasa mai fenti. Ɗaga ta ka leƙa wuyanta tun daga kai, ka tabbatar a miƙe yake. Duba tazarar tsirkiya da wuya a wajen ƙarfe na 12: idan ta zarce milimita 3 ko 4, za ta yanka maka yatsu a banza. Danna tsirkiya a wannan ƙarfen, ka ji ko muryar ta yi daidai da wadda take bayarwa a sake, illa dai ta fi siriri. Murɗa maɗauran nan 6 ɗaya bayan ɗaya, ka ga ba sa zamewa. Tsirkiyar roba ta fi ta ƙarfe taushi ga mai koyo, amma kada ka kuskura ka ɗaura ta ƙarfe a jitar da aka yi don ta roba, za ka ɓalle mata katako.

Idan ka kawo ta gida, maƙiyinta na farko hunturu ne. Busasshiyar iskar Disamba da Janairu da ke tsaga mana dunduniya, haka take tsaga katakon jita. Ajiye ta cikin jakarta, ka saka ɗan soso mai laima a leda mai huda a gefe. Kada ka bar ta a rana, ko ka rataye ta dab da rufin kwano a watan Afrilu.

Wajen koyo, minti 20 kullum ya fi awa 3 ranar Juma'a kaɗai. Fara da daidaita ɗauri, akwai manhajar waya da ke yin haka kyauta. Riƙe haɗin yatsu biyu ko uku, ka yi ta sauyawa a tsakaninsu a hankali har hannu ya haddace. Cikin 'yan makonni kanta za ta fito a bakin yatsunka, zafin ya tafi. Ka riƙa laluben karin waƙoƙin da ka taso da su da kunnenka. Yau fiyano ce ke yin kusan komai a situdiyon Kano, don haka mai iya fitar da karin garaya ko na kukuma a kan jita yana da abin da ba kowa ke da shi ba.

Saura magana mafi nauyi. A ƙasarmu kiɗa gado ne, kuma malamai sun yi saɓani a kansa. Kada ka shigo da jita gida a ɓoye. Sanar da mahaifinka, ka saurari abin da zai ce, ka nemi fatawar malamin da ka amince da shi. Idan aka yi kiran salla, ajiye ta. Kada ta ci lokacin gona ko na makaranta, kada ta hana maƙwabci barci, kada ta kai ka majalisar 'yan ƙwaya, kada ka mayar da ita makamin zambo ko roƙo. Halinka ne zai sa mutanen unguwa su ga girman abin da ke hannunka ko su ƙyamace shi.

Ɗauki wadda ta dace da hannunka da aljihunka. Ranar da ta yi maka kaɗan, kunnenka ne zai gaya maka, ba 'yan majalisa ba. Allah Ya yi maka albarka.