Maruru da Kafson Kemis

Ɗana, na san abin da za ka yi ranar da maruru ya fito maka a hammata, don shi kowa ke yi a nan Dawaki. Za ka leƙa kemis a ƙirgo maka Ampiclox na kwana biyu, ka fasa kafso ɗaya ka barbaɗa garin a bakin ƙurjin. Don Allah ka daina.

Yawancin maruru aikin wata ƙwayar cuta ne, stafilokokus. Kusan mutum ɗaya cikin uku na yawo da ita a hanci lafiya ƙalau, sai reza ko susa ta tsaga fata take samun ƙofa. Da can fenisilin na gamawa da ita. Da ta saba da shi aka kawo metisilin, amma a 1961 aka gano a Ingila irin da ba ya jin wannan ma, wato MRSA. Shi kam ko buhun Ampiclox ka shanye, ko gezau. A 2019 kaɗai ya hallaka mutum fiye da 100,000 a duniya. Shan magani barkatai ke kashe raunanan ƙwayoyin, ya bar wa masu taurin kai fili.

Ƙaramin maruru, ka riƙa gasa shi da tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi. Kada ka matse. Idan ya nuna, ma'aikacin lafiya ya tsaga ya fitar da mugunyar, sau da yawa shi ke nan. Amma in zazzaɓi ya shigo, ko kumburin na yaɗuwa, ko a fuska yake, ko jikin jariri ko mai ciwon suga, to nufi Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Tarayya. A can za a dangwali mugunyar a kai ɗakin gwaji, cikin kwana biyu zuwa uku a ga maganin da ƙwayar ke ji. Wani lokaci ma Septrin ne mai araha. In ta shiga jini ko ƙashi, sai kwanciya da allurar bankomaisin ta jijiya.

Masu lasifika a bakin kasuwa da ke ɗora wa stafilokokus kowane ciwon sanyi da rashin haihuwa kuwa, cinikinsu suke yi.

Abin da likita ya rubuta, ka shanye shi ko da ciwon ya lafa. Ka rufe mikin da bandeji, tawul ɗinka ya zama naka kai kaɗai, wurin aski kuma a ɓare sabuwar reza a gabanka.