Awon Huda da Haƙƙin da Ke Kan Mai Aiki

Ƙarfen gami na nikel, irin su Inconel 718, yana narkewa ne a wajen digiri 1,300 na ma'aunin Salshiyos, alhali wutar da ke ci a cikin injin jirgin sama ta fi haka zafi. Abin da ke hana fallen ƙarfen da ke cikin injin narkewa shi ne ɗimbin ƙananan hudoji, da yawansu ba su kai milimita ɗaya ba, waɗanda iska ke bi ta lulluɓe ƙarfen. Yin su akwai wuya. Ƙarfen yana ƙara tauri yayin da ake huda shi, zafi kuma ya taru a bakin abin hujin har ya dakushe, shi ya sa ake komawa ga hasken leza ko tartsatsin lantarki. Ko da hakan, bakin hudar kan bar tsaga wadda ido ba ya gani.

Shin aikin da babu mai ganinsa yana da hisabi? A aya ta 10 da ta 11 na Suratu Saba'i, Allah ya tausasa wa Annabi Dawuda, alaihis salam, ƙarfe, ya kuma umarce shi da kiyaye awo wajen saƙa sulke. Malaman tafsiri sun ce ma'anar ita ce kada ƙusa ta sirance ta yi lako-lako a cikin zobe, kada kuma ta yi kaurin da zai tsaga shi. Ke nan awo umarni ne, domin ran wanda ya sa sulken yana rataye da zoben da bai taɓa dubawa ba. Haka fasinjan jirgi yake da mai huda falle.

Jos tana da hannu a wannan ƙarfe. Wajen kashi 5 cikin 100 na Inconel 718 niyobiyam ne, wanda ake iya samu daga ma'adinin kwalambait, kuma a shekarun 1950 Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da kwalambait, akasari daga ma'adinan kuza na Filato. Sai dai tsantsenin da aka yi a masana'anta ba a yi shi a bakin rami ba, alhali haƙƙin ɗaya ne, kuma na manomin da aka tone wa gona bai gaza na fasinja ba. Kamfanonin haƙar ma'adinai sun kwashe, sun bar ramuka a Bukuru, Rayfield da Barikin Ladi ba a cike ba. Ruwa ya mayar da su kududdufai. Masu noman rani suna ban ruwa da wasu, wasu kuwa har yau suna cin mutane da dabbobi.