SABON KAYA A MAJALISA: NASIHA CE KO FARIYA?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya hore wa ɗan Adam ƙarfe da wuta da hasken rana, Ya ba shi basirar sarrafa su. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, akwai wata al'ada da ta yaɗu a majalisun samarinmu, har da magidanta, musamman masu sha'awar na'urorin zamani. Da an idar da sallar Isha'i an shimfiɗa tabarma, sai wannan ya zaro sabuwar waya, ko ledarta bai ɓare ba, ya ce jiya ya karɓo ta a kasuwar Farm Centre ta Kano. Wancan ya ce kwamfutarsa ta iso daga Ikko. Na uku ya ce shi sola ya kafa, ya huta da ƙarar janareta. A yi ta juya kaya daga hannu zuwa hannu ana tambaya: "Nawa ka saya? Ƙarfinta nawa?" Wani ma kafin ya buɗe kwali sai ya ɗauki hotonsa ya aika wa abokai. To, mene ne hukuncin wannan zama? Shi ne abin da za mu yi bayani, da yardar Allah.

FASALI NA FARKO: ASALIN ABIN HALAL NE

Kada wani ya ce malamai sun haramta kayan zamani. Ƙa'idar da malamai suka tabbatar ita ce, al'amuran duniya asalinsu halal ne sai an sami dalilin hani. Firji yana adana abinci da magani. Waya tana sada zumunci. Da kwamfuta ɗalibi yake binciken hadisi cikin minti guda, abin da a da sai ya wuni yana buɗe littattafai. Mu kanmu da lasifika muke kiran salla, kuma ta rediyo da kaset karatu ya shiga ƙauyukan da malami bai taɓa takawa ba.

Son kaya mai kyau ma ba laifi ba ne. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa wani mutum ya gaya wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana son tufarsa da takalminsa su yi kyau, sai aka bayyana masa wannan ba shi ne girman kai ba. Saboda haka matsalar ba a cikin kwalin take ba. Tana cikin ƙirjin wanda ya ɗauko kwalin.

FASALI NA BIYU: DARASIN ƘARUNA

Ku koma ƙarshen Suratul Ƙasas ku karanta labarin Ƙaruna. Mutumin nan yana da dukiya tun tuni, amma ku lura da ranar da fitinar ta kai ƙarshe: ranar da ya fito bainar jama'a da adonsa don a gani. Nan take mutane suka rabu biyu. Masu kwaɗayi suka yi burin ina ma su ne, masu ilmi kuwa suka gargaɗe su. Ƙarshensa ƙasa ta haɗiye shi da gidansa.

To ɗan'uwa, ka dubi tabarmar da kake zaune. A gefenka akwai malamin firamare da albashinsa bai kai ƙarshen wata. Akwai saurayin da wayarsa ta tsage, ya ɗaure ta da roba. Kana ambaton kuɗin da ka kashe, shi kuwa yana lissafin buhun masara nawa ke ciki. Ya yi maka murmushi ya ce, "Allah Ya sa albarka," ya tafi gida da miki a zuciya. Gobe ya ci bashi don kada a raina shi. Wa ya jefa shi? Ka tambayi kanka tsakaninka da Allah: da babu mai gani, da ka sayi wannan abin? In amsar a'a ce, ba na'ura ka saya ba, kallon mutane ka saya.

FASALI NA UKU: INA KUƊIN SUKA FITO?

Dattawa za su tuna shekarar 1975, sa'ad da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta biya ma'aikata kuɗin Udoji. Aka ruga kasuwa, wannan babur, wannan firji, wannan rediyo mai kaset. Ba a jima ba farashi ya tashi, kuɗin suka ƙare, kayan suka tsufa. Waɗancan ma da kuɗin hannunsu suka saya. Mu kuwa fa? Tun daga 2023, da aka janye tallafin man fetur darajar naira ta faɗi, kayan da ake shigowa da su suka yi tsada ƙwarai, amma gasar ba ta ragu ba. Sai aka koma bashi.

A nan sai a yi hattara. Sayen kaya a biya kaɗan-kaɗan, ko da farashin ya fi na kuɗi hannu, mafi yawan malamai sun halatta shi, da sharaɗin a yanke farashi guda da lokacin biya tun a wurin ciniki. Amma in aka ce duk ranar da ka makara kuɗin za su ƙaru, wannan riba ce. Haka nan rancen da ake karɓa ta waya a mayar da ƙari, riba ce tsantsa, ko da me aka kira ta.

Ko bashin halal ma ba abin wasa ba ne. Ya zo a Sahihul Buhari cewa an kawo gawar wani mutum mai bashi, Manzon Allah bai sallace shi ba sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Subhanallahi! Yaya kai da ka ci bashi don waya ta uku, alhali kuwa ba ka biya kuɗin makarantar 'ya'yanka ba, uwargida tana ta fama da cefane? Ciyar da iyali wajibi ne, sabuwar waya ba wajibi ba ce.

Iyaye mata, ku ma wannan magana ta shafe ku. Kayan ɗakin amarya sun zama fage: firji, talabijin, injin wanki, a jere su 'yan ganin ɗaki su ƙidaya. Uba ya sayar da gona, wani ɗakin ma ko wutar lantarki babu. Ku ji tsoron Allah.

FASALI NA HUƊU: TSEREN DA BA SHI DA ƘARSHE

Ku sani, masu ƙera kayan nan 'yan kasuwa ne. Tun da kamfanin Apple ya fito da iPhone a 2007, kusan kowace shekara sai ya fito da sabuwa, sauran kamfanoni ma haka. A ƙarshen 2017 kamfanin ya amsa cewa yana rage saurin wasu tsofaffin wayoyinsa saboda batirinsu ya yi rauni, kuma a 2020 hukumomin Faransa suka ci shi tarar Yuro miliyan 25 don bai sanar da masu wayoyin ba. Wanda ya ce sai ya riƙe ta yayi, ya ɗaukar wa kansa haraji na shekara-shekara.

Tsohuwar kuma ina za ta? Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna a 2022 duniya ta zubar da sharar kayan lantarki tan miliyan 62, wadda aka tattara aka sake sarrafawa ba ta kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. A unguwar Agbogbloshie ta birnin Akra, kafin a rushe wurin a 2021, samari ne suke ƙona wayoyin lantarki don su ciro tagulla, suna shaƙar hayaƙi mai guba. Suratul Isra'i ta yi hani mai tsanani a kan almubazzaranci. Jefar da abin da yake aiki don kawai sabo ya fito, in ba almubazzaranci ba ne, to mene ne?

In kuwa sayar da tsohuwar za ka yi, wajibi ne ka faɗi aibinta. Ka san batirin ya mutu, ka san ta taɓa faɗawa ruwa, ka goge ta ka yi shiru. Wannan algus ne, daidai da mai ɓoye jiƙaƙƙen hatsi a ƙasan tari.

FASALI NA BIYAR: GYARA

Ba mu ce a watse majalisa ba. A gyara ta. Ilmin da Allah Ya ba ku na na'urorin nan amana ne, jama'a suna bukatarsa. In ka sayi abu, ka jira ka yi amfani da shi, sa'an nan ka faɗi gaskiya: ga amfaninsa, ga aibinsa, ga mai araha da zai yi aikin. Ka koya wa maƙwabci yadda zai gane cajar jabu. Ka raka dattijo kasuwa kada a cuce shi a batirin sola. Tsohuwar kwamfutarka ka ba ɗalibi. Farashi kuwa kada ka faɗa sai ga mai niyyar saye. Zama ɗaya ne, kaya ɗaya ne, amma wancan fariya, wannan nasiha mai lada.

Allah Ya tsarkake zukatanmu daga riya da hassada, Ya biya wa masu bashi bashinsu, Ya sa mu wadatu da halal. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa namu ne, Allah Ya yafe mana.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.